Abin da Ya Fi Wuƙa Hatsari a Landan

Duk gidan da aka ce ɗansu ko 'yarsu ta samu bizar Birtaniya, akwai gargaɗin da ake yi kafin a raka matafiyi filin jirgi, kuma kusan kullum iri ɗaya ne: ka kiyayi yawon dare, ka kiyayi yara masu wuƙa, ka kiyayi Turawan da ba sa ƙaunar baƙar fata, ka riƙe sallarka. Babu mai cewa wannan nasiha ba ta da amfani. Amma idan aka dubi abin da yake kwantar da baƙi a asibiti a Landan, da abin da yake jefa su cikin bashi, da abin da yake sa a tasa ƙeyarsu zuwa gida hannu rabbana, za a ga ba a nan gizo ke saƙar ba. Ra'ayina shi ne tsoronmu ya sauka a inda bai kamata ba. Abin da ya fi cutar da sabon zuwa a wannan birni shi ne ɗakin da yake kwana, da takardar da ta ba shi izinin zama, da jikinsa da ya shiga yanayin da bai saba da shi ba. Waɗannan kuwa ba a cika yi musu tanadi ba, domin ba su da ban tsoro a hoton bidiyo, ba a kuma yaɗa su a WhatsApp.

A fara da titin da kowa ke tsoro. Landan birni ne mai mutane kusan miliyan 9, kuma huɗu cikin kowane goma na mazaunansa ba a Birtaniya aka haife su ba. A shekaru goman da suka wuce, adadin kisan kai a birnin bai cika wuce 150 a shekara ba, a 'yan shekarun nan ma ya sauko kusa da 100. Kowane rai abin takaici ne, amma wanda ya taso a inda hari ɗaya na 'yan bindiga kan ƙauye kan ci rayuka da dama cikin dare guda, ya san wannan adadi ba shi ne zai hana shi barci ba. Laifin da baƙo zai fi haɗuwa da shi a titi shi ne ƙwacen waya: an sace wayoyi kusan 80,000 a Landan a 2024, da yawa daga hannun mutanen da ke tsaye bakin hanya suna latsawa, wani ya zo a kan keke mai lantarki ya fizge ya wuce. Asara ce mai ciwo, musamman yanzu da banki da izinin zama da tikitin jirgin ƙasa duk suna cikin waya, amma ana koyon kauce mata cikin mako guda.

Ɗaki kuwa wani abu ne daban, kuma a nan nake son mai karatu ya tsaya. A daren 14 ga Yuni, 2017, gobara ta tashi daga wani firji a benen Grenfell mai hawa 24 a yammacin Landan, ta bi rufin da aka lulluɓe bangon waje da shi, mai saurin kamawa da wuta, ta hallaka mutum 72. Da yawa daga mazauna benen baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, kuma da yake watan azumi ne, Musulmin da ke farke a lokacin suna cikin waɗanda suka fara buga ƙofofi suna tayar da maƙwabta. Mazaunan sun daɗe suna koka wa game da rashin tsaron gobara, ba a saurare su ba. A watan Maris na 2023 batirin wani keke mai lantarki ya kama da wuta a wani gida mai ɗakuna biyu a unguwar Shadwell da ke gabashin birnin, inda aka cusa maza aƙalla 18 a kan gadaje masu hawa, akasarinsu 'yan Bangladesh masu karatu ko kai saƙon abinci. Mutum ɗaya ya rasu. Hukumar kashe gobara ta Landan ta ce a wannan shekarar kusan duk bayan kwana biyu sai an kira ta kan wutar irin wannan batir. Sannan akwai Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Disambar 2020 a garin Rochdale kusa da Manchester. Binciken musabbabin mutuwarsa ya tabbatar a 2022 cewa fumfunar da ta baƙanta bangon gidansu ce ta lalata masa numfashi, bayan mahaifinsa ya yi shekaru yana kai ƙara. Da farko ma cewa aka yi ya shafe wurin da fenti. Ba a Landan abin ya faru ba, amma tsofaffin gidaje masu laima irin wannan sun cika Landan, har sai da aka yi doka da sunan yaron domin tilasta wa masu gidajen gwamnati da na ƙungiyoyi gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Babu ɗaya daga waɗannan mutane da ɓarawo ya tare a hanya. A kan gadonsu hatsarin ya same su.

Me ke kai mutum mai hankali irin waɗannan ɗakuna? Lissafi ne mai sauƙi da ya kamata kowane uba ya yi da biro da takarda kafin ya sayar da gona. Matsakaicin kuɗin hayar gida a Landan ya haura fam 2,000 a wata, ɗaki guda a gidan haɗaka kuma yana kusan fam 1,000. Ɗalibin da ya zo da bizar karatu ba a yarda ya yi aiki fiye da sa'o'i 20 a mako ba lokacin zangon karatu. Mafi ƙarancin albashi a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a sa'a ga wanda ya kai shekara 21, wato abin da zai samu a wata bai fi fam 1,050 da 'yan kai ba. Gwamnatin Birtaniya da kanta, a Janairun 2025, ta ce mai neman bizar karatu a Landan ya nuna yana da fam 1,483 na kowane wata domin rayuwa kawai, ban da kuɗin makaranta. Wanda ya aro wannan kuɗi ya ajiye a banki don a gani, ya mayar wa mai shi bayan biza ta fito, bai yaudari ofishin jakadanci kaɗai ba. Ya yanke wa kansa hukuncin kwana a ɗakin mutum shida. Kuma a irin wannan ɗaki ne haƙƙoƙin da doka ta tanada suke ɓacewa. A Ingila kuɗin ajiya da mai gida zai riƙe bai kamata ya wuce hayar mako biyar ba, kuma dole ya sa shi a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Dole a duba bututun gas duk shekara a ba ɗan haya takardar shaida. Dole a sa ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa. Gidan da mutum biyar ko fiye waɗanda ba iyali ɗaya ba suke zaune a ciki yana buƙatar lasisi daga ƙaramar hukuma, kuma kowa na iya bincikawa ko yana da shi. Amma wanda ya karɓi gado daga hannun wani ɗan haya, ba yarjejeniya a rubuce, yana biya hannu da hannu, da wuya ya iya tsayawa gaban kowa ya nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai wani hatsarin ɗaki da ya shafe mu kai tsaye saboda al'adarmu. Mun saba idan hunturu ya kankama a shigo da kaskon garwashi ɗaki, mata kuma ba sa rabo da turaren wuta. A gidajenmu iska na shiga ta ko'ina. Ɗakin Landan a rufe yake ruf, an toshe kowace kafa don kada ɗumi ya fita, gawayi kuwa yana fitar da iskar guba marar wari marar launi da ke sa mutum ciwon kai da kasala, ya yi barci bai farka ba. Tsadar gas da lantarki tun daga 2022 ta sa mutane da yawa kashe na'urar ɗumama gida, suna shanya wanki a ɗaki tagogi a rufe, abin da ke haifar da laima da fumfuna. Na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan iskar guba ba ta kai kuɗin cefanen mako ba, kuma ta cancanci zama cikin sayayyar farko, gaba da sabuwar waya.

Na biyu, takarda. A Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe ƙofa ga masu aikin kula da tsofaffi da marasa ƙarfi, 'yan Najeriya kuma suna cikin waɗanda suka fi shiga ta wannan hanya. Sharaɗin bizar shi ne zamanka yana ɗaure da kamfanin da ya tsaya maka. Idan ya kore ka, ko aka soke lasisinsa, yawanci kwana 60 gare ka ka samu wani ko ka bar ƙasar. Dillalai sun mayar da takardar ɗaukar aiki haja, suna karɓar miliyoyin naira a kan abin da doka ta hana a sayar, mutane suka sauka suka tarar babu aikin, ko kuma sa'o'in da ake ba su ba za su biya haya ba. Gwamnati ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470 a wannan fanni, kuma ma'aikata fiye da 39,000 ne ke da alaƙa da su. A Maris ɗin 2024 aka hana masu wannan aiki zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga ƙasashen waje. Duk wanda har yau yake ce maka zai samo maka irin wannan biza daga Kano ko Abuja, kuɗinka yake nema. Ɗalibai ma ba su tsira ba: bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023, wasu 'yan Najeriya a Jami'ar Teesside sun kasa cika kuɗin makaranta a 2024, aka dakatar da karatunsu, ma'aikatar cikin gida ta umarci wasunsu su fice. Abin da ya sa na ɗauki takarda a matsayin batun tsaro da lafiya shi ne, mutumin da ke tsoron rasa biza ba ya kai ƙarar mai gida, ba ya cewa a'a idan aka ba shi aikin dare bakwai a jere, ba ya kiran 'yan sanda idan an zalunce shi. Kuma galibin waɗannan bizoji suna ɗauke da sharaɗin cewa babu tallafin gwamnati, don haka ranar da aiki ya tsaya babu abin da zai tare mutum.

Na uku, jiki. Abin baƙin ciki a nan shi ne baƙo ya riga ya biya kuɗin maganinsa amma ba ya amfana. Tun Fabrairun 2024 mai neman bizar da ta wuce wata shida yana biyan fam 1,035 na kowace shekara domin hukumar lafiya ta NHS, ɗalibi kuma fam 776, in ban da ma'aikatan lafiya da aka yafe wa. Ƙofar wannan tsari ita ce likitan unguwa, wanda suke kira GP. Shi ke tura ka wurin ƙwararre, shi ke rubuta magani. A Ingila yin rajista da shi kyauta ne, kuma ƙa'ida ta ce ba a hana mutum don ba shi da shaidar adireshi ko takardar izinin zama. Duk da haka mutanenmu kan bar rajista sai ciwo ya kayar da su, domin mun saba da shiga kemis mu faɗi abin da muke so a ƙirgo mana. Can yawanci ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, layin jiran aikin asibiti a Ingila kuma ya haura miliyan 7. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya zo da maganin wata ɗaya, bai zo da bayanin likitansa a rubuce ba, shi ne zai sha wahala. Lambar 999 ta gaggawa ce, 111 kuma ta neman shawara dare da rana, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya neman tafinta ba tare da biyan ko sisi ba. Mace ba sai ta sa ɗanta ƙarami ya fassara mata ciwon da take jin kunyar faɗa ba.

Akwai kuma cututtukan da sauyin ƙasa ke tayarwa. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, yinin bai kai sa'o'i 8 ba, hasken kuma ba shi da ƙarfin da zai sa fata ta samar da bitamin D. Hukumomin lafiya sun shawarci masu duhun fata da masu rufe yawancin jikinsu su sha maikirogiram 10 kullum duk shekara, shawarar da ta shafi matanmu masu hijabi sau biyu, da jariransu. Gwajin tarin fuka da ake yi a Legas ko Abuja kafin biza yana gano wanda ciwon ya bayyana ne kawai. Ƙwayar na iya kwanciya a jiki ta tashi bayan shekaru, cunkoso da rashin cin abinci mai kyau kuma suna taimaka mata. Gwaji da maganinsa kyauta ne. Mai sikila ya sani sanyi na tayar da ciwon, kuma wani rahoton 'yan majalisa na 2021 ya nuna yadda ake sakaci da masu wannan cuta a asibitocin da ba su saba da ita ba, don haka ya nemi a haɗa shi da sashen ƙwararru tun yana lafiya. Binciken mutuwar masu juna biyu a Birtaniya ya sha nuna cewa hatsarin baƙar mace ya ninka na Baturiya fiye da sau biyu, a wasu shekarun kusan sau huɗu. Kawaicin da aka hore mu da shi wajen haihuwa ba ya taimako a wurin da ake auna ciwo da abin da bakinka ya faɗa. Sai zazzaɓin cizon sauro: an samu mutum fiye da 2,000 da suka shigo da shi Birtaniya a 2023, yawancinsu waɗanda suka je ganin gida ne a Afirka ta Yamma ba su sha maganin kariya ba, suna ganin ai sun saba. Juriyar da jiki ya tara tun ƙuruciya tana raguwa bayan an bar gida, yaran da aka haifa can kuwa ba su da ita ko kaɗan.

Za a ce na rage girman matsalar wuƙa da wariya. 'Yan Najeriya ba za su manta da Damilola Taylor ba, yaro ɗan shekara 10 da aka kashe a Peckham a Nuwambar 2000, 'yan watanni bayan zuwansa daga Legas. A 2021 an kashe matasa 30 'yan ƙasa da shekara 20 a Landan, adadi mafi muni da aka gani. A 2017 wani ya afka wa masallata da mota kusa da masallacin Finsbury Park, kuma rahoton Baroness Casey na 2023 ya ce wariyar launin fata ta yi katutu a rundunar 'yan sandan birnin. Duk gaskiya ne. Amma a duba wanda wuƙa ta fi samu: samari ne 'yan makaranta a unguwannin talakawa, waɗanda gungun masu sayar da ƙwaya ke farauta. Yaron da ya dawo makaranta ya tarar uwa tana aikin yini, uba yana barcin aikin dare, ɗakin kuma ba wurin zama, titi ne zai raine shi. Ke nan ko matsalar wuƙar ma tana komawa ga haya da sa'o'in aiki. A nan babu kaka ko gwaggo ko maƙwabcin da zai tsawata, duka mai barin tabo kuma laifi ne da zai iya jawo jami'an kula da yara cikin gida. Uban da zai kai iyali Landan ya tambayi kansa wa zai kasance a gida ƙarfe 4 na yamma, kafin ya tambayi nawa ake biya a sa'a.

Za a kuma ce komai wahalar can ta fi ta nan, kuma wanda ke neman mafita daga rashin aiki da rashin tsaro ba ya buƙatar mai sanyaya masa gwiwa. Ban ce kada a tafi ba. Landan tana da ruwa da wuta da asibitin da ba a tambayarka kuɗi kafin a taɓa ka a sashen gaggawa. Kusan kashi 15 cikin ɗari na mazaunanta Musulmi ne, naman halal da masallatai ba sa wuyar samu, daga na Whitechapel zuwa na Regent's Park zuwa na 'yan Najeriya a titin Old Kent, kuma tun 2016 magajin garin, Sadiq Khan, Musulmi ne. Dubban mutanenmu sun yi karatu sun yi aiki sun rufa wa danginsu asiri daga can. Abin da nake ƙi shi ne a kira rashin shiri tawakkali. Malamanmu sun daɗe suna koyar da cewa dogaro ga Allah yana tafiya ne tare da riƙo da sababi, kuma duba lasisin kamfani a jerin da gwamnatin Birtaniya ke wallafawa kyauta a intanet sababi ne, kamar yadda jinkirta tafiya shekara guda don a tara kuɗin gaske sababi ne.

Hujja ta ƙarshe da ake kawowa ita ce ai akwai 'yan'uwa can, za su nuna masa hanya. Ƙidayar 2021 ta samu haifaffun Najeriya fiye da 270,000 a Ingila da Wales, amma mafi yawansu daga kudu suke, da coci-cocinsu da ƙungiyoyin garuruwansu da suka kafu shekaru da dama. Hausa ta daɗe a Landan, tun da BBC ta fara watsa shirye-shirye da ita a 1957, amma Hausawa da kansu ba su da yawa kuma a warwatse suke, tafiya daga wannan gefen birni zuwa wancan kan ci fiye da sa'a guda da kuɗin mota mai nauyi. Ɗan'uwan da aka dogara da shi yana fama da nasa aikin, yarjejeniyar hayarsa ma wataƙila ta hana shi ajiye baƙo. Mutumin da ya taso a gidan da ba a rufe ƙofa, inda gaisuwa kaɗai kan ci rabin safiya, sai ya wayi gari yana yin kwanaki bai yi magana da kowa da harshensa ba, a cikin duhun hunturu. Ciwon damuwa a nan yake samun wuri, mai shi kuma ba zai faɗa ba, domin duk wayar da aka bugo daga gida ta buƙata ce: kuɗin makarantar ƙanne, bikin wance, rufin ɗakin Inna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wanda aka sayar da fili aka tura ba shi da bakin cewa yana yoyo. Saboda haka nauyin ba na matafiyi kaɗai ba ne. Iyaye su ɗauke masa aike na shekarar farko, su faɗa masa haka da bakinsu a gaban dangi, domin kowace fam ɗari da ya turo a watannin nan daga kuɗin haya ko na ɗumama ɗaki ta fito. Ƙungiyoyin 'yan Arewa da na 'yan Nijar da ke Birtaniya kuma, waɗanda ke iya tara jama'a don bikin sallah, su ware mutanen da aikinsu shi ne su ziyarci sabon zuwa a makonsa na farko, su ga ɗakin da idonsu, su danna ƙararrawar hayaƙi su ji ko tana aiki, su karanta yarjejeniyar haya da ta aiki tare da shi, su raka shi ya yi rajista da likita.